Na gama karatun jinya, asibitin tiyatar kwalliya na nemana

Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da na kammala karatun jinya, lasisina ma ya fito. Tun ina aji biyu, ranar da na tsaya a ɗakin tiyata na ga an ɗinke wa wata jaririya leɓen da aka haife ta da shi a tsage, na ji a raina cewa aikin gyaran jiki nake so in yi. Yanzu wani asibiti mai zaman kansa da ke tiyatar kwalliya ya yi mini tayin aiki. Babu aikin dare, albashin ya fi na babban asibiti nesa ba kusa ba, kuma sun ce cikin 'yan makonni za su koya mini allurar fuska in fara yi da kaina. A gefe guda, babban asibitin da na yi horo ya ba ni gurbi a ɗakin kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata, da aikin darensa da wahalarsa. Ƙawayena sun ce in ban karɓi na farkon ba na yi wa kaina. Wata malamata da nake ganin girmanta ta ce zubar da karatu zan yi, wai wannan ba jinya ba ce, shago ne. Tun daga ranar nake jin kunyar faɗin abin da nake so. An ba ni mako biyu in ba da amsa. Anti, ina zan dosa?

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da kammala karatu, Allah ya sanya wa lasisin nan albarka.

Bari in fara cire miki ƙayar da na ga ta fi damunki, wato kunyar nan. Ki ajiye ta. Malamarki na ƙaunarki, kuma akwai gaskiya a cikin tsoronta da zan zo kanta, amma ban yarda da ita ba cewa wannan fanni ba jinya ba ne. Tiyatar gyaran jiki ta zamani a ɗakunan jinya ta girma. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun riƙa dawowa daga ramukan yaƙi fuskokinsu a farfashe, wani babu hanci, wani babu muƙamuƙi. A 1917 aka buɗe musu asibiti na musamman a garin Sidcup na Ingila, inda likita Harold Gillies ya riƙa ɗauko fata daga ƙirji ko goshi yana gina musu sabuwar fuska, aiki bayan aiki, wani har shekaru. Sunan likitan aka riƙe, amma masu ciyar da mutumin da ba shi da bakin tauna, masu wanke ciwon safe da yamma, masu zama da shi ranar da ya fara ganin kansa a madubi, ma'aikatan jinya ne irinki. Hannun da ya san wancan aikin shi ne daga baya ya iya gyara wa mai lafiya hanci. Kuma matar da haihuwa ta raba mata tsokar ciki har ba ta iya miƙewa sosai, ko wanda ya rage ƙiba mai yawa fata ta zubo masa tana gogar juna tana ƙuna, ba su zo wasa ba. Suna buƙatar nas mai ilmi da tausayi kamar kowane majinyaci.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki a tsanake. Abin da ya sace miki zuciya jaririya ce mai tsagaggen leɓe. Abin da aka yi miki tayinsa allurar fuska ce. Uwarsu ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne. Na farko mayar wa jiki abin da haihuwa ko gobara ko haɗari ko sankara suka ɗauke ne, kuma galibi a manyan asibitoci ake yinsa. Na biyu ƙara wa lafiyayyen jiki abin da mai shi ke so ne. Mai yiwuwa ki so duka biyun, ba laifi. Amma kada ki shiga ƙofa ta biyu kina zaton ɗakin farko za ki tarar.

Ga amsata ba tare da kewaye-kewaye ba: ki karɓi gurbin babban asibiti. Ki yi shekara ɗaya aƙalla, biyu in za ki iya, sannan ki tafi wajen kwalliyar in har zuciyarki na can. Na san ba wannan kika so ji ba, don haka ki ba ni dama in gaya miki dalili.

Mutane na ɗauka cewa jinyar kwalliya ita ce mafi sauƙi, tunda masu zuwa lafiyarsu ƙalau. Ni kuwa a nan nake ganin wuyarta. Wanda aka kwantar da ciwon zuciya, kowa a ɗakin idonsa na kansa, kowa na tsammanin abu zai iya ɓaci. Wadda ta shigo da ƙafarta tana dariya, ta biya kuɗinta, tana shirin komawa gida da yamma, ba wanda ke tsammanin komai. Amma maganin barcin da aka ba ta shi ne dai wanda ake ba kowa, wuƙar ita ce dai, jinin da zai zuba shi ne dai. Jiki bai san dalilin da ya sa aka yanke shi ba. Kuma lafiyayyen jiki, musamman na matashi, gwani ne wajen ɓoye matsala: jini na zuba a ciki, zuciya na ƙara gudu tana cike giɓin, awon hawan jini na nuna lafiya lau, sai can a ƙurarren lokaci komai ya rushe gaba ɗaya. Aikin nas a irin wannan wuri shi ne ta gane mutum ya fara lalacewa tun yana murmushi. Wannan idon ba a samunsa a aji. A wurin marasa lafiya ake samunsa.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Ina cikin shekarata ta shida a aiki, muna da wata mata 'yar kimanin shekara arba'in da aka yi wa aikin ɗame ciki, wato an yanke fatar da ta saki an ɗinke tsokar. Kwana na biyu ne, an riga an rubuta mata sallama. Na same ta zaune ta jingina da matashi, ɗan madubi a hannu tana shafa hoda, mijinta na hanya. Na shigo ne kawai in auna abin da ya taru a robar da ke janye ruwa daga ciwon. Muna hira sai na lura ba ta kai magana ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi. Na tambaye ta, ta yi dariya ta ce ɗamarar da aka ɗaure mata cikin ce ta matse. Magana ce mai kama hankali, domin ɗamarar takan matse ɗin. Na riƙe wuyan hannunta kamar bugun jini nake dubawa, alhali numfashinta nake ƙirgawa, don in mutum ya san ana ƙirga masa sai ya sauya. Sau 26 a minti ɗaya, inda babban mutum a zaune bai kamata ya wuce 20 ba. Bugun zuciya 112. Iskar oksijin a jini kashi 93. Na yaye bargon. Sha-raɓar ƙafarta ta hagu ta fi ta dama kauri, kuma da ɗumi. Na ce mata, “Hajiya, yau ba gida.” Ranta ya ɓaci sosai. Hoton ƙirji ya nuna jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wani guda ya ɓalle ya je ya toshe hanya a huhu. Aka fara mata maganin tsinka jini a ranar, ta warke ta koma wajen 'ya'yanta.

Babu na'urar da ta yi ƙara a ɗakin nan. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne na riga na ga irin wannan numfashin sau da yawa a ɗakin majinyata, cikin dare, wani ya tsira wani bai tsira ba. Da a watana na huɗu ne, wallahi da na yarda da zancen ɗamara, na taya ta ɗaukar jaka. Kuma aikin ɗame ciki na daga cikin ayyukan kwalliyar da suka fi kawo daskarewar jini, kullum ana yinsa a irin asibitin da ke nemanki.

Wata malamar jinya a Amurka, Patricia Benner, ta yi nazarin yadda nas ke girma a aiki, ta bayyana shi a 1984 a matakai biyar, daga ɗanyar hannu zuwa ƙwararriya. A lissafinta, sai nas ta yi shekara biyu zuwa uku a aiki iri ɗaya kafin ta kai mataki na uku, inda za a ce ta iya. Duk wadda ta daɗe a aikin nan za ta gaya miki haka yake. Sabuwar nas ta san ƙa'idoji, ta ma fi mu tuna abin da ke cikin littafi. Abin da ba ta da shi shi ne sanin wanne daga cikin abubuwa goma da ke gabanta ne ba zai jira ba. A babban asibiti, ranar da kika ruɗe, akwai babbar nas a bayanki, akwai likita a kusa, akwai ɗakin kulawa ta musamman a hawa na gaba, akwai ma'ajiyar jini. Kuskurenki na farko, kuma za ki yi shi kamar yadda duk muka yi, zai faɗa a hannun wani kafin ya isa ga majinyaci. A ƙaramin asibitin kwalliya sau da yawa likita na gama aiki ya tuɓe safar hannu ya shiga na gaba, ko ya tafi gida. Wa ya rage da majinyaciya? Ke.

Bari in nuna miki abin da za a bar miki. A aikin zuƙe kitse, tun da likitan fata Jeffrey Klein ya fito da dabararsa a 1987, ana ɗura ruwa mai yawa a ƙarƙashin fata haɗe da maganin kashe zafi na lidoken da adiranalin. A makaranta an koya miki cewa iyakar lidoken miligiram 7 ne ga kowane kilo na nauyin jiki in an haɗa da adiranalin. A wannan aikin ana kaiwa 35, wasu har 55, domin kitse na riƙe maganin yana sakinsa sannu a hankali. Ma'anar haka ita ce maganin ba ya kai ƙololuwarsa a jini sai bayan awa 12 ko kusa da haka, lokacin da ɗakin tiyata ya daɗe da rufewa. Majinyaciya za ta ce miki tana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunnenta na ƙara, leɓenta ya yi nauyi. In kika ce gajiya ce ta kwanta, abin da zai biyo baya jijjiga ce da rikicewar bugun zuciya. Maganinsa wani farin ruwan kitse ne mai kashi 20 cikin 100 da ake sawa ta jijiya, kuma dole ki san durowar da yake ciki tun kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka aikin ɗaga fuska, wato ɗame fatar fuskar da ta saki: matsalar da ta fi yawa ita ce jini ya taru a ƙarƙashin fata a cikin awa 24 na farko, sau da yawa bayan hawan jini ya tashi ko an yi amai. Alamar ita ce ciwo da kumburi a gefe ɗaya. In an koma tiyata da wuri, shi ke nan. In an bari har safe, fatar na iya mutuwa. Sai kuma aikin ƙara mazaunai da kitsen jikin mutum, wanda aka fi sani da BBL. A 2017 wani kwamitin likitocin fannin ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 3,000 na mutuwa a dalilinsa, adadin da ya girgiza su kansu. Abin da ke faruwa shi ne in aka tura kitsen cikin tsoka, yakan shiga manyan jijiyoyin da suka yage ya wuce zuciya da huhu, wani lokaci majinyaciya tana kan teburin. Tun daga nan ƙungiyoyin likitocin suka ce a ƙarƙashin fata kawai za a sa shi. Nas ɗin da ke tsaye a ɗakin ya kamata ta san wannan, ta kuma samu ƙarfin zuciyar buɗe baki in ta ga ana saɓa masa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: a watanki na biyar, gaban likitan da shi ne mai asibitin kuma mai biyanki albashi, za ki iya?

Yanzu zancen allurar da za a koya miki cikin 'yan makonni. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki. Soka allura a fuska ana iya koyonsa a yini ɗaya. Sanin abin da ke ƙarƙashin wurin da kika soka shi ne karatun shekaru. Botox, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin layukan tsakanin gira a 2002, guba ce ta ƙwayar cuta da aka tace aka rage ƙarfinta, tana kwantar da tsoka na wata uku zuwa huɗu. In ya zarce inda aka nufa, fatar ido ta faɗo, mutum ya yi makonni da ido a rufe rabi. Wannan yana wucewa. Allurar ciko, wadda ake cika leɓe da kumatu da hanci da ita, ita ce mai haɗarin gaske. Fuska cike take da jijiyoyin jini masu haɗe da juna, kuma wasu na gefen hanci da na tsakanin gira suna da hanya zuwa jijiyar da ke ciyar da ido. In cikon ya shiga ɗaya daga ciki, sai ki ga fatar ta yi fari fat nan take, ko ta yi zane-zane kamar raga, wani lokaci da zafin da ya wuce misali. A kan fata mai duhu ganin wannan ya fi wuya, sai mai ido. Akwai maganin da ke narkar da cikon da aka fi amfani da shi, hayaluronides, amma sai yana nan a ɗakin, sai kin san yawan da za ki sa, sai kin sa shi da sauri. In kuwa ya shafi ido, mintoci ne, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Duk wanda ya ce zai miƙa miki wannan sirinji bayan 'yan makonni, ko dai bai san haɗarin ba, ko ya sani ya ga hannunki ya fi araha. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

A nan gaskiyar malamarki take. Fannin nan kuɗi ya yi masa yawa, doka kuma a ƙasashe da dama tana bayansa da gudu. A 2010 aka gano wani kamfanin Faransa, PIP, yana cika robar ƙarin nono da silikon na masana'antu wanda ba a yi domin jikin mutum ba, bayan an riga an sa wa ɗaruruwan dubban mata a faɗin duniya. Abin ya sa gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti ƙarƙashin likita Bruce Keogh, kuma rahotonsa na 2013 ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa: wanda ya je a yi masa allurar kwalliya ba shi da kariyar da ta fi ta mai sayen biro ko buroshin haƙori. Sai a 2021 ma ƙasar ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 Botox da ciko domin kwalliya. Inda doka ta yi sako-sako, abin da ya rage wa majinyaci shi ne mutuncin wanda ke riƙe da allurar. Kuma ki riƙe wannan da kyau: lasisin nan sunanki ne a kansa. Ranar da abu ya ɓaci, hukumar jinya ke za ta kira, ta tambaye ki wa ya rubuta maganin, wa ya duba majinyacin kafin a yi, me ya sa kika yi aikin da horonki bai kai ba. “Maigidana ne ya ce in yi” ba ta taɓa ceton kowa ba. Asibiti na iya sauya suna ya buɗe a wani titi. Ke ba ki da lasisi na biyu.

Akwai kuma wani nauyin da ba a faɗa wa sababbi. A wasu wuraren ana ba nas kamasho a kan kowace allura ko kowane man da ta sayar. Ranar da albashinki ya rataya a kan majinyaciya ta ce “to”, bakinki zai yi nauyin cewa “a'a”. Alhali cewa a'a rabin aikin ne. Kusan mutum biyu cikin 100 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa su ga mummunan aibi a jikinsu inda kowa bai ga komai ba, kuma a ɗakin jiran asibitin kwalliya sun fi haka yawa. Za ta zo da hotuna, ta nuna miki wani ɗan tudu a hanci da sai kin matso kin ƙura ido, ta ce shi ya hana ta fita, shi ya kashe mata aure. An yi mata aiki biyu a wani wuri, ba wanda ya gamsar da ita. Tiyata ba ta warkar da wannan, sau da yawa ƙara shi take yi. Abin da take buƙata wadda za ta zauna da ita ne cikin mutunci, ta saurare ta, ta nuna mata hanyar likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ta ji an wulaƙanta ta ba. Irin wannan zaman, sai wadda ta riga ta zauna da mutane a munanan ranakunsu.

Ban raina zancen kuɗi ba, 'yata, kuma ba zan ce miki aikin dare daɗi ne da shi ba. Za ki dawo gida ƙafa a kumbure, za ki yi kuka a banɗaki wata rana, za ki ga ƙawayenki sun riga ki sayen abin da kike so. Amma shekarun nan biyu ba hutu ba ne daga burinki, matakinsa na farko ne, in kin tsara su. Ɗakin da aka ba ki ya dace ƙwarai: a nan za ki koyi ciwo da ɗinki da robobin janye ruwa, lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita, kashe zafi, da gane ciwon da ya fara ruɓa tun kafin ya yi wari. Bayan wata shida ko shekara, ki nemi a mayar da ke ɗakin farfaɗowa, inda ake kai mutum daga tiyata kafin ya dawo hayyacinsa. In da za a ce in zaɓa miki wuri ɗaya tak, shi zan zaɓa, domin hanyar numfashi da maganin barci su ne inda rai ke fita da sauri. In asibitin na da sashen ƙuna da gyaran jiki, ki je ki gai da babbar nas ɗinsu, ki gaya mata burinki ba tare da kunya ba, ki roƙi ko da yini ɗaya a wata. A can za ki sake haɗuwa da jarirai irin wadda ta kawo ki. Ki yi kwas ɗin ceton rai na manya, ki riƙa sabunta shi. Ki koma littafin tsarin jiki ki haddace fuska, jijiya bayan jijiya, kamar hanyar gidanku. Ki karanta yadda fata mai duhu ke amsa wuƙa da hasken leza, domin ta fi saurin yin tabo mai tudu da baƙin tabo, kuma na'urar da ta dace da farar fata tana iya ƙona ta. A Amurka ma, takardar shaidar ƙwarewa a jinyar kwalliya ba a ba sabuwar nas damar zana jarrabawarta sai ta yi shekaru tana aiki. Ki riƙe ɗan littafi kina rubuta ayyukan da kika halarta da abin da kika koya, ba da sunan kowa ba. Ranar da kika koma neman aikin kwalliya da wannan a hannu, ke za ki zaɓi wurin aiki.

Mai yiwuwa akwai abin da ba ki faɗa mini ba, wataƙila gida na jiran albashin nan, ko rashin lafiya ta hana ki aikin dare. In haka ne ba zan ɗora miki laifi ba, amma kada ki sa hannu a takarda sai kin koma kin yi tambayoyi, kin kuma gani da idonki. Likitan da ke aikin, a fannin tiyatar gyaran jiki ya ƙware, ko kwas ɗin 'yan kwanaki ya yi? Ki duba sunansa a rajistar hukumar likitoci da kanki. Wa ke ba da maganin barci, kuma yana tsayawa har majinyaci ya farka? Wace gogaggiyar nas ce za ki yi aiki a ƙarƙashinta, wata nawa, kuma za a taɓa barinki ke kaɗai da wanda aka yi wa aiki? Ki ce a buɗe miki akwatin gaggawa. Ki ɗauki kwalaben ki duba ranar lalacewarsu: adiranalin, ruwan kitsen nan, hayaluronides, da dantirolin, maganin mummunan zafin jikin da maganin barci na shaƙa kan tayar, in suna ba da irinsa. Ki tambayi wane asibiti suke kai mutum in abu ya fi ƙarfinsu, da wace mota, minti nawa ne. Ki tambayi inshorar da za ta kare ki, da ko albashinki na da alaƙa da ciniki, da yadda suke neman izinin majinyaci kafin su sa hotonsa a intanet. Wurin kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyin, har ya ƙara ganin darajarki. In kika ga fuska ta sauya, ko aka ce miki “ai mu ba mu taɓa samun matsala ba”, ki yi godiya ki ɗauki jakarki. Kuma ko kin karɓa, ki ce allurar fuska ba yanzu ba.

Kafin mako biyun su cika, ki je da kanki ki ba su amsa, kada ki aika saƙon waya. Ki gode musu, ki ce kina son fannin ƙwarai, shi ya sa za ki je ki yi shekara biyu a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata da na farfaɗowa, kuma kina fatan ƙofarsu za ta kasance a buɗe. Ki roƙi su bar ki ki riƙa zuwa kallo a ranar hutunki, kallo kawai, ba taɓa majinyaci. Da haka za ki ga cikin gidan da idonki: yadda suke magana da wadda aikinta bai yi kyau ba, da wanda ke ɗaukar waya in ta kira da tsakar dare. Sannan ki koma wajen malamarki ki gaya mata shawarar da kika yanke, da cewa burin naki na nan. Ina kyautata zaton ita ce za ta fara nema miki hanyar shiga sashen gyaran jiki.

Ki rubuto mini bayan wata shida a ɗakin, in ji yadda kuka kwana da aikin dare. Allah ya yi miki jagora, 'yata.